Tecno, Samsung ko iPhone: yadda ake auna waya a unguwar Hausawan Yawunde

Duk wanda ya san Yawunde, babban birnin Kamaru, ya san Briqueterie. Unguwa ce mai cunkoso a ƙaramar hukumar Yawunde ta 2, maƙwabciyar Messa da Tsinga, ba nisa da kasuwar Mokolo, ga kuma katafaren zauren wasanni na Warda da China ta gina aka buɗe a 2009 a gindinta. Ta samo sunanta daga masana'antar bulo da aka kafa a wurin tun zamanin Jamusawa, amma mutanen gari unguwar Hausawa suke ce mata, duk da akwai Fulani da Barebari da Bamun da baƙi daga Nijar da Mali da Senegal a cikinta. Tsire, wanda a nan ake kira soya, da kilishi, da atamfa da shadda, da ɗinki da aikin wuya, su ne abin da aka san ta da shi.

Yau duk waɗannan sana'o'i a kan waya suke tafiya. Tela yana karɓar awo da samfurin aiki ta WhatsApp. Mai shadda yana tura wa Hajiya hoton kaya tana zaune a unguwar Bastos ko a Duwala. Mai kilishi yana ɗora saƙo a motar Bafussam, kafin motar ta bar tasha kuɗinsa sun shigo ta Orange Money ko MoMo. Mai ɗan'uwa a Garwa ko Kano ko Jidda ya daina jiran matafiyi, saƙon murya ya wadatar. Shi ya sa idan aka zauna bayan La'asar ana gardamar wace waya ta fi, ba a tsaya kan abin da aka rubuta a bayan kwali. Abin da ake tambaya shi ne: tana kwana da caji? Tana riƙe rezo, wato layin sadarwa? Idan gilashinta ya fashe nawa ne? Kuma shekara nawa za ta yi kafin ta gaji?

Masu fafatawa

Kashi huɗu ne ke kokawa a aljihun mutanen unguwar. Na farko, kuma mafi yawa, su ne Tecno da Infinix da itel. Mai saye yakan ɗauka kamfanoni uku ne ke gasa da juna, alhali 'yan gida ɗaya ne. Dukansu na Transsion ne, kamfanin birnin Shenzhen na China da Zhu Zhaojiang ya kafa a 2006, ya kuma mai da hankalinsa kacokan kan Afirka tun lokacin da manyan kamfanoni ke kallon nahiyar a matsayin wurin zubar da ragowar kaya. Ya buɗe masana'anta a Habasha a 2011, ya sha gaban Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka a 2017, ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai a 2019. A 'yan shekarun nan kusan rabin manyan wayoyin da ake shigowa da su nahiyar nasa ne. Ya raba 'ya'yansa gwargwadon aljihu: itel ta mai ƙaramin ƙarfi, Tecno ta tsakiya da jerin Pop da Spark da Camon, Infinix kuma ta samari masu son wasa da bidiyo, da jerin Smart da Hot da Note.

Na biyu Samsung ce ta Koriya ta Kudu, musamman jerin Galaxy A, irin su A05 da A15 da A16, waɗanda aka yi don su tari Tecno a tsakiyar kasuwa. Na uku Redmi ta kamfanin Xiaomi, wadda ta shigo a makare amma take cin kasuwa da saurin inji a farashi mai sauƙi. Na huɗu iPhone, wadda mafi yawanta a nan okaziyon ce, wato wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka ko Dubai aka goge aka kawo. Abin da mutumin kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai kira 'yar Landan ke nan.

Wannan jeri bai daɗe ba. Shekaru kaɗan da suka wuce Nokia mai tocila ce sarauniya, BlackBerry kuma ta manyan 'yan kasuwa. Microsoft ta sayi sashen wayar Nokia a 2014, BlackBerry ta kashe tsarin tsofaffin wayoyinta a Janairun 2022. Abin da ya juya kasuwar Kamaru shi ne zuwan intanet mai sauri: Nexttel ta fara 3G a Satumban 2014, MTN da Orange suka biyo a 2015, sannan 4G ta zo. A jawabinsa ga matasa ranar 10 ga Fabrairun 2016, Shugaba Paul Biya da kansa ya kira su 'yan zamanin Android, sunan kuma ya zauna.

Kuran da rezo

Ma'aunin farko batir ne. Ɗauke wuta, ko ɗauke kuran kamar yadda ake faɗa a nan, ba baƙon abu ba ne a Yawunde, kuma mai tsire da ke tsaye gaban wuta daga Magariba zuwa tsakar dare ba shi da soket a kusa. Transsion ta gane wannan tun da wuri, ta cika wayoyinta da manyan batura. Yanzu batir mai 5,000 mAh ya zama ruwan dare a Tecno da Infinix da Redmi da Galaxy A, don haka bambancin ya koma kan saurin caji da kuma abin da aka saka a kwali. Tecno da Infinix sukan zo da kan caja, wasu har da riga da gilashin kariya. Apple ta daina saka kan caja a 2020, Samsung ma ta cire shi daga wayoyinta da dama. Wanda ya sayi irin waɗannan yakan ƙare da cajar bakin titi, ita kuma ba ta barin batir ya yi tsawon rai.

A nan iPhone okaziyon ke shan kaye. Batirinta tun asali bai kai na sauran girma ba, ga shi wani ya riga ya ci rabin ƙarfinsa. Cikin saitin wayar akwai wurin da ke nuna lafiyar batir, kuma Apple na ganin wanda ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 ya isa canji. Shi ya sa ba wuya ka ga mai iPhone da fawa-banki a ɗaya hannun.

Ma'auni na biyu sim biyu. Kusan kowane ɗan kasuwa a Briqueterie yana da layin MTN da na Orange, saboda abokin ciniki na iya cewa kuɗinsa a MoMo suke, wani ya ce a Orange Money, kuma idan rezon wannan ya ɗauke sai a hau na wancan. Wannan ba son ƙawa ba ne. A Afrilun 2023 masu waya a Kamaru suka yi yajin da aka kira na yanayin jirgin sama, suna kashe layukansu daga ƙarfe 12 zuwa 2 na rana don nuna fushi kan tsadar data da rashin ingancin layi. Wata guda bayan haka hukumar ART mai sa ido kan sadarwa ta ci tarar kamfanonin waya huɗu jimillar sefa biliyan 6. A Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Kamaru na cikin ƙasashen da abin ya shafa.

Wayoyin Transsion da Redmi da Galaxy A na kasuwar Afirka duk suna ɗaukar sim biyu. Yawancin iPhone ramin sim ɗaya gare su, na biyun eSIM ne wanda sai an je an ɗora. Tun daga iPhone 14 ta 2022, wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da ramin sim gaba ɗaya. Akwai kuma waɗanda ke zuwa a kulle da layin wani kamfanin ƙasar waje. Wanda bai saka nasa sim ya yi kira a gaban mai sayarwa ba, zai iya komawa gida da madubi mai tsada.

Idon tela

Kyamara ita ce wurin da talla ta fi ruɗin mutane. Ana rubuta megafiksel 50 ko 108 da manyan haruffa, amma yawan lambar ba shi ke kawo kyan hoto ba. Girman idon kyamarar da yadda inji ke sarrafa hoton su ne kan gaba. Transsion ta yi suna da saita kyamararta don ta fito da fuskar baƙar fata sosai, ko da haske ya yi ƙaranci, kuma wannan ya sayar mata da Camon ba adadi a gidajen biki.

Sai dai buƙatar mai kaya ta bambanta da ta amarya. A ɗauki mai shadda a shagonsa, ƙarƙashin farin ƙwan lantarki. Ya shimfiɗa yadi ruwan toka mai ɗan shuɗi-shuɗi, ya ɗauka, wayar ta ƙara wa launin kauri don hoton ya burge, ya tura. Hajiya ta buɗe a tata wayar mai gilashin AMOLED, wanda shi ma yana ƙara wa launi armashi, ta ga shuɗi sak, ta biya. Kaya suka isa, sai ga kira: "Alhaji, wannan ai ba shi na zaɓa ba." Kuɗin mota zuwa da dawowa ya hau kansa, ga ɓacin ran abokiyar ciniki. Ga irin wannan mutum, wayar da ke faɗin gaskiyar launi ta fi wadda ke yi wa hoto kwalliya, kuma a wannan fanni iPhone da manyan Samsung sun fi ƙananan wayoyi riƙe amana. Masu dabara a cikinsu sukan fito da yadin bakin ƙofa su ɗauka a hasken rana, su tura ɗan gajeren bidiyo suna juya shi, su kuma aika hoton a matsayin fayil don kada WhatsApp ya matse shi. Tela mai aikin wuya shi ma abin da yake nema ke nan: kyamarar da za ta matso kusa ta nuna zare ɗaya-ɗaya.

Wata lambar da ke yaudara ita ce ta RAM. Za ka ga an rubuta 8+8, ko 16 gaba ɗaya. Takwas ce ta gaskiya; ɗayar aro ce daga ma'ajiyar wayar, kuma ba ta da saurin ta asali. Ma'ajiya kuwa ita ce ke fara cika, domin zaurukan WhatsApp na dangi da na masallaci da na 'yan kasuwa ba sa hutawa da turo wa'azi da bidiyon biki. Waya mai gigabait 64 kan cika cikin 'yan watanni. Yawancin ƙananan wayoyin Android suna karɓar memori, iPhone ba ta karɓa.

Teburin mai gyara

Wanda ke son ya san gaskiyar waya, ya gangara tsakiyar gari zuwa Avenue Kennedy, inda cinikin waya da gyaranta suka yi sansani. Tun kafin ka tsaya 'yan kamasho sun tare ka, kowa na cewa nasa shagon ne na gaskiya. A can ciki mai gyara na zaune gaban ɗan tebur: fitila, madubin ƙara girma, na'urar hura iska mai zafi, kwalbar sinadarin wanke inji, da tulin matattun wayoyi da yake ciro kayan gyara daga jikinsu. Yakan ɗumama gefen waya har gam ya saki, ya zura siririn roba ya ɗaga gilashin a hankali don kada ya tsinke igiyar da ke haɗa shi da inji. Abin da ya fi zuwa masa uku ne: fasasshen gilashi, ramin caji da ƙura ko muguwar caja ta ɓata, da batirin da ya kumbura har ya ɗaga bayan waya.

Tambayarsa ta farko ga mai fasasshen gilashi ita ce, "Orijinal za a sa ko kofi?" A nan ne farashin gaskiya ke fitowa. Gilashin itel da Tecno Spark da Infinix Hot yana ko'ina, da araha, ana sawa kana tsaye. Transsion tana da nata sashen gyara mai suna Carlcare, da rassa a manyan biranen Afirka har da Yawunde da Duwala, kuma yawan wayoyinta a gari ya sa kayan gyaransu ba sa yankewa. Gilashin AMOLED na Samsung ya fi kyau a ido, amma ranar da ya fashe kuɗin na asali kan kai wani babban kaso na kuɗin wayar, har mutum ya haƙura a sa masa kofi, hoton ya dusashe, wani lokaci wurin ɗora yatsa ya daina aiki. IPhone kuwa tana gane an sa mata baƙon gilashi ko baƙon batir, ta rubuta a saiti. Wannan ya zama kariya ga mai sayen okaziyon: ya duba can zai san ko an taɓa canza mata su.

Akwai abin da mai gyara ba ya iya warwarewa ta hanyar halal. Tun 2013 Apple ta sa makullin iCloud, wanda ke hana kowa amfani da wayar muddin mai ita na farko bai cire asusunsa ba. Android ma tana da irin nata da asusun Google. Wayar da aka ce maka "ɗan kulle ne kawai, za a buɗe" sau da yawa ta sata ce, kuma wanda aka kama ta a hannunsa shi zai yi bayani a ofishin 'yan sanda. Dokar ciniki a nan guda ce: a danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 ta fito, a gwada ta da ta jikin kwali, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar. Wayar da aka miƙo maka a tsaye a bakin titi da rabin kuɗinta, mai ita na waige-waige, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tsufan da ido ba ya gani

Waya na iya zama garau a jiki amma ta mutu a aiki. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Manhajojin banki ma haka suke yi. Don haka tsawon lokacin da kamfani zai ci gaba da sabunta waya yana cikin farashinta, ko da mai shago bai ambata ba.

A wannan ma'auni jerin ya juye. IPhone XR ta 2018 ta samu iOS 18 a 2024, shekara shida bayan fitowarta. Samsung ta yi alkawarin shekara bakwai ga Galaxy S24, da shekara shida ga A16 wadda ba ta fi ƙarfin matsakaicin ɗan kasuwa ba. Ƙananan wayoyin Transsion kuwa ba su cika samun sabon Android fiye da sau ɗaya ko biyu ba, wasu ma a kan wanda suka zo da shi suke ƙarewa. Suna kuma zuwa da manhajoji da tallace-tallacen da mai waya bai nema ba, masu cin data a ɓoye.

An taɓa samun abin da ya fi haka muni. A Agustan 2020 sashen tsaro na Secure-D na kamfanin Upstream ya ba da rahoton cewa an gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000, tana ƙoƙarin yi wa mutane rajistar ayyukan biya ba da saninsu ba. Kamaru na cikin ƙasashen da aka lissafa, tare da Habasha da Masar da Ghana da Afirka ta Kudu. Transsion ta ce matsalar daga wani mai kawo mata kaya ta fito, kuma ta riga ta fitar da gyara. Ga mutumin da jarinsa ke kwana a cikin waya, wannan darasi ne da bai kamata a manta ba.

Coronko, allo da modem

Babbar waya ba ita kaɗai ce a fagen ba. Ƙaramar waya mai maɓallai, wadda 'yan Kamaru ke kira coronko, mutanen Kano kuma rakani-kashi, ta ƙi mutuwa. Tana kwanaki ba caji, ta faɗi ta tashi, ɓarawo ba ya kallonta, kuma tura kuɗi ba ya buƙatar intanet: *126# a MTN, #150# a Orange. Da yawa daga manyan 'yan kasuwar unguwar a cikinta suke ajiye layin kuɗi, babbar waya kuma ta hoto da hira ce. Idan aka fizge babbar a cunkoson Mokolo ko a tasi, jari na nan a aljihun ciki. A 2019 MTN da Orange sun gwada wata 'yar tsakiya, mai maɓallai amma mai intanet a kan tsarin KaiOS, Smart T da Sanza. Ba ta yi nisa ba, domin wanda ya ɗanɗana shafa gilashi ba ya son komawa danne-danne.

Allon hannu, wato tablet, ya fi samun gurbi a gida: yara na bitar karatun Alƙur'ani da shi, ɗalibi na karanta takardun makaranta, tela na nuna wa mai ɗinki samfura a babban gilashi. Amma ba ya shiga aljihu, kuma masu arahar da ake sayar wa yara ba su da kayan gyara. Kamaru tana da nata abin alfahari a wannan fanni, Cardiopad na injiniya Arthur Zang, allon auna bugun zuciya da ya ci lambar yabo ta Rolex a 2014, sai dai wannan na asibiti ne.

Ɗan modem na aljihu, da MTN da Orange da Camtel mai tambarin Blue ke sayarwa, ya fi dacewa da shago ko gida mai mutane da yawa: a sayi forfe, wato ƙunshin data, ɗaya babba kowa ya hau, maimakon kowa ya riƙa sayen na kwana ɗaya, wanda shi ya fi tsada idan aka tara. Kowace wayar Android na iya raba intanet, amma tana zafi, batir na zuba, kuma mai ita na fita kowa ya sauka. Aibin modem shi ne yawanci a kulle yake da layin wanda ya sayar da shi. Starlink mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam kuwa, a Afrilun 2024 hukumar kwastan ta ba da umarnin kama na'urorinta saboda ba ta da lasisi a ƙasar.

Lissafin ƙarshe

Tun Maris na 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu da ba na noma ba sefa 60,000 ne a wata, kuma ƙaramar wayar Android sabuwa tana kusan cinye wannan. Tsadar waya ce ma ta sa ƙasar ta ɗauki zafi a Oktoban 2020, lokacin da gwamnati ta shirya karɓar harajin kwastan na kashi 33 cikin 100 na kuɗin waya ta hanyar yankar kuɗin kiran mai amfani da ita. Matasa suka yi ca a intanet, fadar shugaban ƙasa ta dakatar da shirin cikin 'yan kwanaki. A Janairun 2022 kuma aka sa harajin kashi 0.2 cikin 100 kan turawa da cire kuɗi ta waya. Duk wannan yana shiga lissafin mai saye.

A ɗauki misali. Wayar sefa 60,000 da ta gaji cikin wata 18 ta ci wa mai ita sama da 3,300 a wata. Ta 120,000 da ta yi shekara huɗu 2,500 ta ci. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Amma wannan lissafi na wanda ke da 120,000 a hannu ne, ko wanda kwasar adashinsa ta zo, kuma bai sa fizge da faɗawa kwata a ciki ba. Yaron shago da ɗan acaɓa, waɗanda wayarsu ke shan ƙasa kullum, sun fi riba da wadda gilashinta ke da araha a kowane lungu.

Saboda haka amsar na bin sana'a. Mai tsire da ɗan aike, batir da sauƙin gyara suke nema, itel ko Tecno Spark ta ishe su. Ɗan kasuwar da ke da manhajar banki, wanda ba ya son canza waya kowace Sallah, ya duba Samsung mai dogon alkawarin sabuntawa. Saurayi mai wasa da bidiyo zai fi jin daɗin Infinix ko Redmi. Mai shadda da tela da hoto ke sayar musu da kaya, iPhone okaziyon na iya biya musu, in sun duba batir da iCloud da ramin sim kafin su ce sun saya. Kowanne daga cikinsu, kafin ya shiga shagon mai sayarwa, ya fara tsayawa wurin mai gyara ya tambayi kuɗin gilashin wayar da yake so da na batirinta, da ko ana samunsu a gari. Mai shago cinikin yau yake nema. Mai gyara shi ya san wayoyin da ke dawowa teburinsa bayan wata shida.